Rasuwar Mai Siket, Ƙugiyar da Ta Raba Ni da Noma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa wanda har yau ke ɗauke da tabon marigayiya, ni Orvel Tidwell nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da 'yan ƙungiyarmu ta masu fatsa, har da waɗanda za su karanta su koma gefe su yi dariya, rasuwar ƙugiyata wadda aka fi sani da Mai Siket. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a tafkinmu na nan arewacin jihar Alabama ta Amurka, tana tsaka da aiki, a bakin wani kifin bas da ban taɓa ganin irinsa ba. Na san ba mai yarda da wannan, kuma ban roƙi kowa ya yarda ba.

Waɗanda suka san ni kafin zuwanta sun san abin da ta tsamo ni daga ciki. Bas kifi ne mai son kwanciya a ciyawa, ƙarƙashin bado, duk mai nemansa can zai jefa. Ni ma can nake jefawa. Sai dai kowa ya ja ya fito da kifi, ni in ja in fito da damin ciyawa. Da haka ƙungiya ta raɗa mini suna Manomi. Ranar gasa, in aka taru wurin awon kifi, Dewey Scoggins mai sabon jirgin ruwa da tsohon baki zai ɗaga murya: "Manomi, ya amfanin gona? Bana ma an cika rumbu?" Har fastonmu ya taɓa kirana da sunan a tsakiyar addu'a, bai ma lura ba. A duk tsawon wannan zamani mutum ɗaya ne ke ɗaukata a jirginsa, abokina Hoyt Pettus. Shi yana gaba yana kamu, ni ina baya ina kare masa burodi da nama daga rana.

Na samo marigayiya shekara uku da suka wuce a shagon Mama Vonceil da ke bakin hanyar tafki, inda ire-irenta ke rataye sun cika bango guda. Ba zaɓen wasa na yi ba. Irin wannan ƙugiya tana da wani gashi mai tauri, kamar na buroshi, da ke tsaye a gaban tsininta yana kare shi daga ciyawa. In gashin ya cika tauri, kifi ya cafka ya tofar bai soku ba. In ya cika laushi, ka koma gona. Don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa da yatsa, tun Mama Vonceil tana kallona har ta gaji ta ce, "Ɗana, saye ka zo yi ko gwajin jini?" A daidai nan na danna wata, gashinta ya rusuna cikin ladabi, tsininta ya shige mini yatsa har ƙashi. Na ce wannan ce.

Marigayiya ta kasance mai kamun kai. Kanta na dalma ne, mai tsini, tana ratsa ciyawa kamar allura a yadi, ba ta ɗauko ko tsinke. Siket ɗinta na zaren roba yana buɗewa yana rufewa a cikin ruwa, ba rawar kai, ba kasala. Ba ta da yawan magana. Faɗawarta ruwa "tsulum" ne kawai, ba irin "tinjim" na wasu da ke korar kifin unguwa ba. In ta gogi kututture ta ce "ƙas", ta wuce abinta. Ranar da na fara jefa ta na kama bas har hannuna ya gaji, kuma daga ranar Dewey ya tuna cewa iyayena sun sa mini suna.

Kowa ya san al'adarmu. Mai fatsa mutum ne mai gaskiya, in ban da a abu biyu: girman kifin da ya kuɓuce, da abin da ya kama da shi. Kafin ka iso gaɓa sai ka yanke ƙugiyar gaske ka ɗaura ta banza, don masu leƙe su sha ƙarya. Kowa yana yi, amma ni na kai abin inda ba a kai shi ba. Kwalin da ta zo a ciki na ƙone shi a murhun gashin nama. Na rage mata siket da almakashi, na shafa mata tawada don ko an hango ta a kasa gane asalinta. Ban sayi ta biyu ba, kada Mama Vonceil ta lura. Dewey na ce masa baƙa ce, fasto na ce masa fara ce, Allah ya yafe mini. A cikin jirgi kuwa, tun daga ɗauri har jifa har cire ta daga bakin kifi, bayana nake juya wa Hoyt.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ranar Asabar ɗin muna gefen bado sai ga jirgin Dewey ya matso, wai gaisuwa. Nan take na yanke ta na cusa a aljihu. Da ya wuce, don gaggawa da tsoron kada ya waiwayo, na ɗaura ta a ƙarƙashin rigata, ban duba ƙullin ba, ban jiƙa shi da yawu ba kamar yadda ko ɗan koyo ya san ana yi. Na jefa. Ta ce "tsulum", wanda ashe shi ne kalaminta na ƙarshe. Ruwa ya dare, wani baki ya buɗe wanda tulu zai shiga, sandar fatsata ta lanƙwashe har na ji a ƙuguna. Sai kuma sakayau. Na naɗo zare, ga bakinsa a murɗe kamar wutsiyar alade. Duk mai fatsa ya san ma'anar wannan: ba tsinkewa ya yi ba, ƙulli ne ya warware. Hoyt ya dubi zaren, ya dube ni, ya ci gaba da taunar burodinsa. Kaico! Garin neman gira na rasa ido.

An yi iya ƙoƙari wajen neman 'yar'uwarta. Na koma shagon na tsaya gaban bangon nan, sai na tarar ni kaina ban san kamanninta na asali ba, don na yi mata tawada da ƙarya har sun rufe ta. Mama Vonceil ta ce, "Bara ka ce mini shuɗiya ce, bana ka ce ruwan ƙasa. Wacce zan nemo maka, ɗana?" Na danna gashin duk wadda ke bangon. Yatsa ya kumbura, ba wadda ta amsa.

Ba zan ɓoye abin da ya fi ci mini rai ba. Gasar bazara Asabar mai zuwa ce, mutum biyu a jirgi, kuma Dewey ya daɗe yana zawarcin kujerata a jirgin Hoyt. Na yi lissafi na ga ba dalilin da zai sa mutum mai hankali ya ɗauki Manomi alhali ga mai kamu. Kwana biyu na kasa cin abinci. Matata Earlene ta ajiye mini kwano ta ce, "Maigida, ko da babana ya rasu ba ka rame haka ba."

Jiya da yamma Hoyt ya zo ta'aziyya. Ya zauna a baranda, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ni na kasa haƙuri na ce, "In Dewey za ka ɗauka, ka ɗauka, ba zan riƙe ka ba."

Ya ce, "Ashe ba ƙugiya kaɗai kifin nan ya tafi da ita ba, har da hankalinka. Shekarun da kake noma, a jirgin wa kake yi?"

Na ce, "A naka."

Ya ce, "To, don kifi nake ɗaukarka a lokacin? Kifi na ganinka, mai jar koma. Tun makon farko na san ƙugiyar nan, na bar ka ne kawai da haukanka. Da, in na yi ƙarya kai ke dariya, in na kama kai ke ihu. Tunda ka samo ta, shekara uku, ƙeyarka nake kallo. Na san ƙeyar nan fiye da fuskar jikana. Allah ya jiƙanta, Allah kuma kada ya maido ta."

Na tambaye shi, tunda ya san ta, wace iri ce? Ya maida hularsa ya miƙe. Ya ce, "Baƙa ce. Ko fara. Ka zo da burodi, kada ka cika yaji."

Marigayiya ta bar sanda ɗaya, wadda tun ranar take jingine a gareji ba ta ce uffan ba, da zare mai murɗaɗɗen baki, da gurbi a akwatin kayan fatsa. Ta bar kuma mai ita, wanda sunansa na da ke jiransa a gaɓa.

Ba a samu gawa ba, don haka ba za a kai kowa makabarta ba. Za a taru a mashigar jirage ranar Asabar da sassafe, kafin a buɗe gasa. Fasto zai yi gajeriyar addu'a, ana roƙonsa ya duba sunan mai makoki kafin ya fara. Bayan awo Earlene za ta raba soyayyar tarwaɗa da wainar masara da shayi mai ƙanƙara. Tarwaɗar saye aka yi, kada wani ya tambaya. Ba a buƙatar furanni, ciyawa ni zan kawo da kaina. Dewey yana iya kirana Manomi, amma ya bari a shafa addu'a tukuna.

Duk mai son yi mini gaisuwa zai same ni a kujerar baya ta jirgin Hoyt Pettus, akwatina a buɗe, fuskata tana kallon gaba.