Maƙwabcina a Kan Allo

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da ɗalibaina suka raba ni da ruwan unguwarmu ba.

Turanci nake koyarwa a wata sakandare a cikin birnin Zariya. Yaran nan sun ishe ni. Ka ce su rubuta insha'i, sai su zuba maka ido kamar ka ce su haƙa rijiya. Da na gaji, sai na ce bari in rubuta musu samfuri a allo, a kan "maƙwabcina", su ga yadda ake siffanta mutum.

Wa ya aike ni ɗauko maƙwabcina na gaskiya? Wani Alhaji ne a unguwarmu ta Kwarbai, shi kaɗai ke da rijiyar burtsatse a layinmu, kowa a gidansa yake ɗiba. Amma ba zai buɗe famfo ba sai ya zaunar da kai ka sake jin labarin zuwansa Makka tun daga filin jirgi. Na zayyana shi tsaf, har da jan carbin da ya fi igiyar guga tsawo. Suna kawai na ɓoye (wai ni mai wayo). Na kuma fassara musu da Hausa, muka sha dariya.

Na manta yaran birni da hadda suka tashi. Duk abin da malam ya rubuta a allo, karatu ne. Na ce su kwaikwaya, su kuwa suka haddace.

Ranar taron iyaye, shugaban makaranta ya sa wata ɗalibata ta karanta insha'inta. Tana buɗe baki na ji samfurin nan nawa ne take zubowa. Ga Alhaji a sahun gaba, jan carbi a hannu, ya zo saboda jikansa.

"Malam, fassara wa iyaye," in ji shugaba.

Na miƙe ina zufa. "Tana cewa maƙwabcinta mutumin kirki ne, mai son fira da jama'a."

Sai ajin ya ɗauka baki ɗaya: "Malam, ba haka ka fassara mana ba." Suka rero ainihin fassarar tiryan-tiryan kamar ana biya karatu. Ba wanda ya ambaci suna, amma kowa ya waiga sahun gaba.

Alhaji ya yi murmushi. "Malam ya iya rubutu. Allah ya ƙara basira."

Washegari kwaɗo na tarar a famfon. Maƙwabta suka daina amsa gaisuwata, matata kuwa ta jera mini jarkoki a zaure ta ce, "To marubuci, sai a rubuto mana ruwa."

Har yau takaicin yaran nan nake ji, ga shi ba damar dukansu, karatu suka riƙe. Yanzu in zan ba da misali, maƙwabcina a Legas yake, ba shi da jika, kuma ya daɗe da rasuwa.