Manhajar da Malam Shu'ibu Ya Zaɓa

"…Lafiya lau, amarya. Sai yanzu? Na ɗauka wani mai babur ya ƙwace min ke."

"Ai gara mai babur da mai warin fenti," in ji Adila tana kakkaɓe benci. "Ashe kana nan, tsoho? Ni da na taho da shirin takaba."

Malam Shu'ibu ya yi dariya har da tari. Tun ba a haifi jikar nan tasa ba yake rubuta allunan shaguna a Haɗejiya. Amma tun rasuwar matarsa Mairam shagon ya yi tsit. Masu ba da aiki ma yanzu saƙo suke turowa ta waya, su aiko a ɗauka. Wallahi yakan wuni bai yi magana da kowa ba sai gaisuwar masallaci. Lahadi ce kawai ranarsa, ranar da Adila ke tasowa daga Malam Madori ta haɗa masa lissafin mako, su yi ta tsiya.

Yau kuwa da sabon salo ta zo. Ta fizge wayarsa.

"Manhaja uku na samo maka. Ka zaɓi ɗaya ta riƙa rubuta cinikinka, da kuɗin fenti da na katako. Ni ma in huta da hanya."

Malam Shu'ibu ya murtuke fuska.

"Ta farko sai da sabis take aiki," ta ce.

"Sabis a nan? Wanda in kogi ya cika shi ma yake gudun hijira? Wuce."

"To ga ta biyu. Ba ruwanta da sabis, kuma Hausa take ji. Magana kawai za ka yi mata." Ta danna, wata murya ta yi sallama daga wayar.

"Wannan muryar? Sak mai sanarwar rasuwa a rediyo. So kike ta jawo min?"

"Ai ka daɗe a layi. Gwada dai."

Don ya kunyata ta, ya kafa baki a wayar ya daka tsawa: "Allon mai kifi, an karɓa, an biya!" Kash! Nan take abar ta rubuta tsaf, ko harafi ba ta ɓata ba. Adila ta yi tafi.

"Ka gani? Angona ya waye!"

"Ban ga komai ba. Idona ya mutu."

"Idon da ya rubuta lambar waya a jikin kwalekwale makon jiya, ba tabarau?"

"Da hanci na rubuta."

"Tsoho, ka ji tsoron Allah. Mene ne aibinta?"

Ya juya yana goge buroshin da tuni yake a wanke. Sai maganar ta fito, ba da wasa ba.

"In ta iya, ke me zai kawo ki?"

Adila ta sauke wayar. Ta dubi shagon, ta dubi kujerar kakarta da har yau bai yarda a ɗora ko gwangwani a kai ba. Sai ta ja tsaki mai ƙarfi.

"Dama ta biyun ba ta dace da kai ba, ta masu basira ce. Ga ta uku. Turanci ce zalla, kuma ba ta buɗuwa sai da lambar da za ta riƙa shigowa wayata."

"Wato ni kaɗai ba zan iya ba?"

"Ko za ka shekara kana dannawa."

"Kai, wannan muguwar manhaja ce!" Bakinsa ya ƙi rufuwa. "Sa min ita."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo ƙunshin bandar kifin da ya saya tun safe, ya dangwara mata a cinya.

"Ga sadakinki. Sai Lahadi ke nan?"

"In ka kai."

"Zan kai, ja'ira," ya ce yana dariya, yana share ido da bayan hannu. "Wa zai mutu ya bar wayarsa a kulle?"