Haƙorin Inna Kulu da Gandar Goronyo

"Lahiya lau, baiwata, ƙaƙa gida? Wanga sammako haka, ko mijin naki ya gane kuskurenai ya maido muna ke?"

Yusha'u ne ke wannan gaisuwa, yana zaune a rumfarsa ta kasuwar Wurno yana ɗaure tafarnuwa. Taubashiyarsa Adawiyya, ɗiyar gwaggonsa, ce ta tsaya a gabansa. Ta kwance ƙullin bakin mayafinta, ta ajiye wani abu a kan buhu. Ya leƙa, sai ga haƙori dogo, jawur da goro.

"Mi an nan?"

"Shawararka ta. Ba kai kac ce in mun tahi Goronyo mu ci tuwo wurin matag ga ta bayan tasha ba? Kac ce gandatta ta hi audugar katihwa laushi."

"Awo, na ce."

"To, na kai uwar mijina, Inna Kulu. Cizo guda, haƙorinta yam maƙale ga ganda. Shi kaɗai yar rage mata bisa."

Yusha'u ya ja da baya. Ya san Inna Kulu sarai, matar da ta taɓa bin mai babur da muciya har hanyar Rabah. Amma ya dake.

"Haƙorin na yag gaji da zaman kaɗaici. Ni cewa niy yi ganda na da laushi, ban ce bakin Inna na da ƙwari ba."

"Laushi? Sai da mai tuwo tat take ta da ƙahwa, direbobi biyu sunka ja, kana anka ƙwato haƙorin. Wani bakanike yas saye sauran, wai za shi liƙe taya."

"Kin gani? Ga abinci ga kayan gyara. Ina za ki samu haka a Sakkwato?"

"Rantse ka taɓa ci."

Yusha'u ya shiga gyaran igiyar da ba ta kwance ba.

"Ci dai... irin na sawa a baki?"

"A'a, irin na sawa a kunne!"

"To ban ci ba. Amma Sa'adu, mai ɗaukam min kaya, shi yab ba ni labari."

"Shi ya ci?"

"Ya wuce ta wurin bisa babur. Cikin azumi, da la'asar."

"Kai, Yusha'u! Mai azumi da la'asar ko takalmi anka dahwa sai ya yaba ƙamshi!"

"Bai ji ƙamshi ba, ranar shina mura. Hayaƙin yag gani, yac ce hayaƙi na na mutunci."

"Wato aurena kas sa ga shaidar hayaƙi!"

"Ke ma da laihinki. Wa ka tambayar mai tahwarnuwa wurin cin abinci? Hancina ya mutu tun ina saurayi. Direba aka tambaya, wanda yac ci jiya, yau kuma ga shi bisa ƙahwahunai da haƙoranai cikakku."

Adawiyya ta waiga wajen ƙofar kasuwa. "Madalla. Ga Inna can tahe, sai ka yi mata wanga bayani."

Yusha'u ya yi wuf ya faɗa bayan buhuna, hula ta yi nata wuri. Daga can ƙasa muryarsa ta fito.

"Na tuba! Daga yau abin da ban tauna ba, ba ni yabonai. Ɗauki tahwarnuwa dami guda, ki ce mata na yi ƙaura!"

Adawiyya ta zaɓi dami mafi girma ta ɗora a ka, dariya na neman kayar da ita.

"Hito, matsoraci, ba kowa. Aiko ni tay yi in yi ma godiya. Haƙorin ga ya daɗe shina hana ta barci, yanzu ko har da minshari. Ta ce ran kasuwa ka kai ta da kanka, akwai na ƙasa guda da ka damunta."

Ya ɗago kai, ɓawon tafarnuwa duk a gemu, ya tuntsire da dariya.

"Kin ci ni, uwaɗɗakina, tahi da damin. Amma ki ce ma Inna, wanga karon Sa'adu za ya hwara cizo."