Furanni Shida Ga Tsohon Firaminista

Latviya ta yi 'ya'ya, amma ba ta sake haifar irin Talivaldis Purmalis ba. Kwana tamanin da bakwai ya yi yana Firaminista, kuma cikinsu ya buɗe gada ɗaya har sau biyu, don a karon farko masu hoto sun makara. Mutum ne mai aƙida: jam'iyya huɗu ya shiga, kowacce ya rantse a cikinta zai mutu. Mu 'yan unguwarsu a Riga muna ce masa Uban Ƙasa na Wata Uku, shi kuwa rabin farko kaɗai yake ji.

Bana burinsa ɗaya ne, jam'iyyarsa ta huɗu ta sa shi a jerin 'yan takara kafin a rufe ran Juma'a. Sai ga ranar sunansa ta faɗo Laraba. A al'adarmu ta Latviya, ranar da sunanka ya fito a kalanda ranar bikinka ce, amma ba ka gayyatar kowa. Mai ƙaunarka shi zai hawo bene da furanninsa. Purmalis ya sa aka gasa burodin biki na mutum sittin, ya aro kujerun maƙwabta, ya tsaya gaban madubi yana gwajin yadda zai ƙi tayin takarar idan an kawo masa.

"Mirdza," ya ce wa matarsa, "sau biyu zan ce a'a. A na uku zan sunkuyar da kai, saboda ƙasa."

"To, Tali. Ɗaga ƙafarka in share."

Shayi ya huce, aka ɗumama, ya sake hucewa. Har na ji tausayinsa, kaɗan. Ƙarfe biyar ƙararrawa ta yi ƙara: direban shugaban jam'iyya ne, riƙe da fararen furanni. Purmalis ya tare shi da jawabin gaba ɗaya.

"Ban nemi mulki ba, ɗana! Tarihi ne ke ƙwanƙwasa ƙofata!"

"Ni ne, yallaɓai. Kuma na ajiye mota a inda aka hana."

Mirdza ta karɓi furannin ta ƙirga. Shida ne. A ƙasarmu ko ɗan firamare ya san mai rai fure uku ake kai masa, ko biyar, ko bakwai. Huɗu da shida na maƙabarta ne.

"Sakarcin mai shagon fure ne," in ji Purmalis. "Shugaba zai ji kunya idan ya sani."

Direba ya gyara hularsa.

"A'a, yallaɓai. Shi ya ƙirga da hannunsa. Sau biyu ma."