Gaisuwa a Tsakiyar Yashi

Ba zan taɓa mantawa da yashin rafin nan da ke tsakanin Kiyawa da Dutse ba, ko da kuwa tsufa zai sa in manta sunayen jikokina. A nan na yi gaisuwar da ta fi kowace ladabi a rayuwata, kuma ita ce aka fi yi mini dariya a kanta.

Zamanin Turawa ne, lokacin da babbar mota take sabon abu a ƙasarmu. Ina tuƙa motar wani attajiri na Kano, in kwaso gyaɗa daga kasuwannin gabas in kai bakin jirgin ƙasa. In na shiga gari yara su biyo ni a guje, ni kuwa in leƙo da gwiwar hannu ta taga ina hura hanci (Allah Ya yafe mini, a lokacin gani nake ni da Razdan, babban Baturen lardi, bambancinmu kaɗan ne). Abin da yaran ba su sani ba shi ne sai in yi makonni ban kwana a ɗakina ba, abincina tuwon tasha, matashin kaina buhu.

Iyalina, Talatu, ta tafi gidansu haihuwar fari, a wani ƙauye kusa da Kiyawa. Ranar suna ban samu zuwa ba, mota ta lalace mini a daji. Aka yi arba'in, aka wuce, shiru ba a dawo mini da ita ba. Na aika ƙanin mahaifina ya tuntuɓa, ya dawo jikinsa a sanyaye. Surukina, Baba Madugu, tsohon falke ne da ya yi ƙuruciyarsa yana jan ayarin jakuna, kuma da ma ba ya ganin 'yan mota da gashi. Ya ce a faɗa mini wanda ya saba kallon mutane daga sama ya manta yadda ake durƙusawa, shi kuwa ba zai mayar da 'yarsa da jikansa gidan da babu maigida ba sai ya ga abin da ya gani.

Maganar ta tsaya mini a rai. Ina son matata, kuma ɗan nan sau ɗaya na taɓa ɗaukarsa.

To, a sana'armu akwai ƙa'ida guda da kowane direba yake koya tun kafin ya iya riƙe sitiyari: ba a tsayawa a cikin yashi. In ka shigo busasshen rafi da kaya, ka sa ƙaramin giya, ka taka, ka yi ta addu'a har ka haye. Ko hularka ce ta faɗi, ka bar wa rafi.

Ran nan da tsakar rana, zafi ya fara kankama, na taso daga Kiyawa maƙil da gyaɗa, ga fasinjoji a saman buhuna, yawancinsu mata 'yan kasuwa. Na gangara rafi ke nan, ina tsakiyarsa, sai na hango farin jaki mai yankakken kunne da jan akumari yana tahowa. Duk ƙasar nan babu wanda bai san jakin Baba Madugu ba. A kansa ga mutum da malfa, ya ja rawani ya rufe baki saboda rana.

Na yi lissafi da sauri. In na wuce shi ina zaune a sama, na tabbatar masa da maganarsa, Talatu kuma sai dai in riƙa jin labarinta. In na tsaya, na san sauran. Ƙafata ce ta yanke hukunci kafin kaina, na ji na taka birki.

Na diro, na tuɓe takalma, na zube a gaban jakin. Yashin nan kamar kaskon tuya, amma na daure, na sunkuyar da kai.

"Baba, barka da rana. An wuni lafiya? Ya iyali? Ya masu jego?"

Aka ce, "Mhm."

Na ce a raina, fushi ne. Sai na ƙara dulmuya. Ni da ko sunan Talatu ban taɓa kamawa a gaban manya ba, sai ga bakina yana zuba kamar an kunce buhu.

"Baba, don Allah a yi haƙuri da ni. Wallahi ba raini ya hana ni zuwa suna ba. A taimaka a ba ni iyalina. Ɗakin nan ya yi mini faɗi, Baba. Ko barci ba na iyawa. Tuwon tasha ya ishe ni."

Aka sake cewa, "Mhm. Madalla."

Muryar ta ɗan yi mini siriri, amma na ce ko mura yake yi. Sai na ga jakin yana girgiza, ashe wanda ke kansa ne yake rawar jiki. Na ɗan saci kallo, idona ya sauka a kan zabira, jakar askar wanzamai, tana reto a gefen akumari. Na ɗago kai gaba ɗaya.

Ilu ne. Ilu wanzamin ƙauyen su Talatu, sa'ana, wanda tun muna yara in kana son magana ta zaga gari kafin la'asar shi kake faɗa wa a asirce. Aron jakin ya yi zai je aski wani ƙauye. Ya sauke rawanin, hawaye na zuba don dariya.

"Ci gaba mana, ɗana," in ji shi. "Ɗakin ya yi maka yaya?"

Matan da ke saman buhuna suka kece. Wata tsohuwa mai daddawa har guɗa ta yi mini. (Kafin ku ce yaya aka yi ban gane ba: ku gaya mini, wane mai kunya ne yake ƙare wa surukinsa kallo? Tun da na yi aure ban san fuskar Baba Madugu sosai ba. Ƙafafunsa na sani, da jakinsa.)

Na koma mota da ƙonannun gwiwoyi, na tayar da ita, na taka. Tayoyin suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami, har cikin motar ya zauna daram. Ilu ya juya jaki ya ce bari ya nemo taimako. Na roƙe shi ya je kowane ƙauye a duniya ban da nasu. Nasu ya nufa.

Ba a jima ba sai ga gari ya taso, da fartanya da karan dawa da jakuna. A gabansu wani dogon dattijo yana tafe a ƙasa. Ƙafafun na gane. Na sake zubewa, ina fatan yashin da ya haɗiye tayoyina ya haɗa da ni.

Baba Madugu ya wuce ni ya nufi motar. Ya sa aka sauke buhunan, jakunan da motata ta ƙwace wa aiki suka yi ta kwashe su zuwa tudu. Aka haƙe, aka shimfiɗa kara, aka tura da salati, mota ta fita. Sannan ya zo ya tsaya a kaina.

"Ɗago kanka."

Na ɗago da ƙyar.

"Ashe ni da Ilu muna kama?"

"A'a, Baba."

"To, dube ni da kyau, kada gobe ka kafe motar mutane saboda mai tallan goro." Gemunsa yana motsi, yana danne dariya. "An isar mini da jawabinka. Ilu ya maimaita mini shi a hanya, har da muryar. In ka dawo daga Kano ka biyo ka ɗauki iyalinka. Amma ka tsaya a kan tudu."

Da na je ɗaukarta, Talatu ta hau gaban mota da yaron a cinya, ta ja mayafi, muka kama hanya har muka bar gari. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ashe tuwon tasha ya ishe ka?"

Na kusa afkawa cikin gonar mutane.

Na yi shekara da shekaru ina koya wa direbobi cewa ba a tsayawa a yashi, kuma har gobe gaskiya ce. Sai dai in ƙara musu da cewa in har ya zama dole mutum ya zubar da girmansa don iyalinsa, ya zubar, ba asara ba ce. Amma don Allah ya fara ɗaga kai ya ga a gaban wa yake zubarwa.