Hannun Mace Zafi Gare Shi, In Ji Jiji

"…to ya hanya, Jiji? Jirgin bai kakkaɓe maka sauran haƙoran ba?"

"Haƙorana suna nan garau, mara kunya. Uku a sama, huɗu a ƙasa, kuma kowanne ya girmi ubanki."

Da wannan gaisuwar suka ɗaga labulen ƙofarmu suka shigo, ita a gaba, shi a baya yana jan ƙafa cikin wata baƙar kwat wadda na tabbata ba ta ganin rana sai an yi mutuwa. Ni ce matar mai wannan gidan sushi, wato lomar shinkafa da ɗanyen kifi a kai. Shekara ashirin da shida ina zuba shayi a bayan kujeru takwas ɗin nan na lungun Ningyocho. Na ga manya, na ga masu kwaikwayon manya, amma ban taɓa ganin wanda ya shigo ya fara da shinshina kantar cin abinci ba sai wannan tsohon.

Na san abin da ya kawo su. Wata shida Nodoka tana sintiri wurin maigidana Isogai, wai ya ɗauke ta koyon aiki. Da ta ishe shi ya ce to, amma dokar gidan nan tun zamanin mahaifinsa, ba a ɗaukar mai koyo sai wani babba a danginsa ya tsaya masa, ya buga hatimi a takarda. Ubanta ya ce ko a mafarki. Uwarta ta kashe waya. Saura mutum ɗaya, kakanta Tomekichi, wanda take kira Jiji, masuncin da ya yi shekara hamsin da 'yan kai a tekun Himi. Yau wa'adin da maigidana ya ba ta zai cika. Takardar tana cikin jakarta, shi kuwa tsohon abincin rana kawai aka ce masa ya zo ya ci.

"Ina kifin?" ya ce, yana leƙa nan yana leƙa can. "Gidan kifi ba ƙarnin kifi? Ke, ko asibiti kika kawo ni?"

"Zauna, Jiji. Ƙarnin da ka shigo da shi a jikin kwat ɗin nan ya ishi unguwar."

"Ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da rabonta da kirana tun sabuwar shekara, yau har da aiko tikitin jirgi? Aure za ki yi?"

"Wa zai auri jikarka? Duk wanda ya ga hotonka sai ya ce bari ya je ya yi shawara."

Na miƙa musu tawul mai ɗumi. Ya goge hannu, ya goge fuska, ya zarce wuya, yana ƙoƙarin ɓalle maɓalli ta fizge.

"Na hannu ne! Ba wanka aka kawo ka ba."

"To don me suka ɗumama shi? A ba ni takardar abinci in zaɓa."

"Babu takarda. A nan abin da Taisho ya ga dama shi za ka ci." Ta nuna maigidana da ke tsaye a bayan kantar, wanda baƙi ke kira Taisho.

"Af! Abin da kakarki ta yi min shekara arba'in da tara ke nan. Ashe a birni sana'a ce."

Maigidana ko ɗagowa bai yi ba, amma na ga kunnensa ya motsa. Ya ɗebi shinkafa, ya ɗora yankan kifi, ya juya yatsu sau uku, ya shafa ruwan waken soya mai gishiri, ya ajiye loma ta farko a gaban tsohon. Tomekichi ya sunkuya ya kalle ta ta dama, ya kalle ta ta hagu, har da leƙa ƙarƙashi.

"Ci yanzu, Jiji, ba a barinta ta huce."

"Ina abin tsomawa?"

"An shafa maka."

"Sun ɗauka ba ni da hannu? Saura kuma su tauna min."

"Da haƙora bakwai, ai da sun taimake ka."

Ya jefa a baki. Ya ci ta biyu, ya ci ta uku, idonsa na bin hannun maigidana kamar mage ta ga motsi. A ta huɗu sai ya gyara zama, don ya gane naman tun kafin a ajiye.

"Wannan kifin buri ne. Na wajenmu ne, ko ba a faɗa ba."

"Na Himi ne," in ji maigidana.

"Yauwa! Na safiyar yau ko na jiya?"

"Yau kwanansa tara."

Kai, da kun ga fuskar tsohon nan! Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Baƙi biyu da suka rage a ƙarshen kanta suka juyo.

"Kwana nawa? Nodoka, ɗauki jakarki. A Himi kifin da ya kwana biyu kyanwa ake ba, ita ma sai ta yi tunani."

"Da tsohuwar zuma ake magani, Jiji. Shi ya sa muke ajiye da kai."

"Ni ban yi wari ba."

"Wa ya ce?"

Ya harare ta, ya ɗauki lomar ya kai hanci. Ya sake shinshinawa. Son sani ya fi ƙarfin zuciya, ya dubi maigidana.

"Taisho, tsakani da gaskiya, yaya aka yi bai ruɓe ba?"

Kafin maigidana ya buɗe baki, Nodoka ta riga shi.

"Jinin ake fitarwa tas tun ranar farko, don shi ne ke kawo ƙarni. Sai a naɗe shi a takarda a sa a sanyi, kullum da safe a warware, a goge, a datse inda ya yi duhu, a sake masa sabuwar takarda."

"Kullum a sake masa? Kamar jariri?"

"Kamar tsoho."

Ya ci. Ya daɗe yana taunawa, idonsa a rufe. Da ya buɗe sai ya yi ajiyar zuciya.

"Tabɗi. Shekara hamsin ina jawo shi daga ruwa, ashe ban san shi ba. Garaje kawai muke yi masa." Sai kuma ya juya a hankali, ya ƙanƙance ido. "Tsaya. Ke a ina kika san zancen jini da takarda? A ofishin inshora ake koyar da shi?"

Nodoka ta dube ni. Na gyaɗa mata kai, don ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ta ciro takardar ta shimfiɗa a gabansa, ta faɗa masa komai a numfashi ɗaya: za ta bar ofis, nan take so ta koya, babu mai tsaya mata sai shi. Baƙin nan biyu suka lura da yadda wurin ya sauya, suka yi sallama suka fita.

Tsohon bai ko dubi takardar ba. Dariya ya yi.

"Mace a bayan kanta? Hannun mace zafi gare shi. Kina taɓa kifi ya dahu. Kowa ya san wannan."

"Wa ya auna?"

"Tun kakanni aka sani."

"Da wane ma'auni? Ko su ma ji suka yi a gidan wanka?"

"Mace ma wata rana zafi, wata rana sanyi."

"Kai fa? Da safe ka ce ƙafa, da rana ka ce baya, da yamma ka manta wanne ka ce."

Ni kam saura kaɗan in dangwarar da butar shayin. Wannan maganar ta hannun mace ita surukina ya faɗa min ina amarya, ranar da na roƙi a nuna min yadda ake dunƙula shinkafa, kuma tun daga ranar shayi nake zubawa. Har yau tana min ciwo, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa tun shigowarsu na ajiye wa Nodoka kofin ruwan ƙanƙara ta gefen da tsohon ba ya gani, ita kuwa ta riƙe shi gam a kan cinyarta.

"To kawo hannun in ji," in ji shi.

Ta miƙa da saurinta. Ya kama. Ya yi tsai.

"Sanyi ƙalau, ko? Sai ka buga hatimi."

"Sanyi har da laima. Kifi na ganinka mai jar koma! Fito da kofin, ɓarauniya. Ni za ki yi wa? Ni da na sayar wa mutanen Osaka kifin jiya na ce yanzu ya daina motsi?"

Ta ɗora kofin a kan kantar, kunya ta rufe ta. Ni ma na shiga goge inda ba datti. Amma bai saki hannun ba. Ya juya shi, ya ware yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya kawo su kusa da idonsa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Wannan ba yankan takardar ofis ba ne. Ƙayar wutsiyar kifin aji ce. Wannan ma ita ce. Wannan kuwa wuƙa ce ta zame miki a kan ƙashi. Tun yaushe?"

"Shekara guda. Asabar da Lahadi, a shagon mai kifi na unguwarmu."

"Iyayenki sun sani?"

"Su ba su taɓa kama hannuna sun duba ba."

Ya shafa tabon da babban yatsansa.

"Haka na kakarki yake. In sanyi ya shigo sai ya tsattsage, ta ɗaure da tsumma ta koma bakin wuƙa. Ranar da muka tura ubanki makaranta a birni na ce an gama, jinina ba zai sake tsayawa a kan kifi ba. Zancen zafi kuwa, oho, abin da ya zo bakina ne."

"Ita ta ce maka ba ta so?"

"Ba ta ce ba. Ban taɓa tambayarta ba."

"Kifin da ta gyara ya taɓa dahuwa a hannunta?"

"Rufe min baki." Ya juya wurin maigidana. "Taisho, in ta shigo, shekara nawa kafin ta tsaya inda kake tsaye ta ba baƙo loma?"

"Biyu shara da wanke-wanke. Uku shinkafa. Sannan wuƙa. Takwas, in tana da kai."

"Kai kam babu. Sai mu ce goma." Ya kalli yatsunsa. "Ni kuma tamanin da uku gare ni."

Nodoka ta buɗe baki za ta yi tsiya, tsiyar ta ƙi fitowa. Shi kuwa ya sa hannu a aljihun cikin kwat, ya zaro ɗan kwanson hatimi da ya sha jiki.

"Jiji! Ka zo da shi?"

"Uwarki ta kira ni jiya, ta ce in bar shi a gida ko ta halin ƙaƙa. Da ba ta kira ba, ina zan san a ɗauko shi?"

Ya dangwala jan tawada, ya danna a takardar da duk ƙarfinsa, har kantar ta yi ƙara. Nodoka ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa.

A nan maigidana ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba a shekara ashirin da shida. Ya ajiye wuƙa, ya matsa gefe.

"Zagayo," ya ce mata. "Wanke hannu. Guda ɗaya, yau kaɗai. Gobe tsintsiya."

Ta zagaya. Ta ɗebi shinkafa ta yi yawa, ta rage ta yi kaɗan, ta ɗora yankan buri ya zame, ta mayar. Abin da ta ajiye a gaban kakanta ya karkace, gefe guda har ya fara wargajewa. Tsohon ya tattare shi da yatsu uku, ya tsince ƙwayoyin da suka zube, ya kai baki. Ya daɗe bai haɗiye ba, idonsa ya kawo ruwa.

"Yajin wasabi ne ya yi yawa," ya ce, yana goge ido da bayan hannu.

"Ban sa wasabi ba, Jiji. Mantawa na yi."

Ya fashe da dariya har da tari, haƙoran nan bakwai duk a waje.

"Shi ke nan, kin ci. Tunda nake ban taɓa cin sushi mai muni irin wannan ba." Ya dubi maigidana, ya sunkuyar da furfurarsa har ta kusa taɓa kantar. "Taisho, ka yi wa tsoho alfarma. A bar ta ta ƙara min ɗaya."