Yadda Za Ka Gamsar da Suruki Cewa Abin da Ɗanka Ya Shiga Falsafa Ce, Ba Addini Ba

Kai da ɗanka ya tafi aikin damina ya dawo da sabon tunani a ka, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin suruki zai yarda yaron bai yi ridda ba. An gwada su a kan wani mutum da na sani, Mudi mai ɗinkin buhu a kasuwar Gadarif, kuma sun yi aiki fiye da yadda ya so.

Mataki na 1: Gano abin da yaron ya ɗebo

Adamu ɗan Mudi tarakta yake ja a gonakin Gedambaliya. A kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, ya haɗu da wani makanike mai koyar da abin da suke kira Miƙaƙƙen Layi: rayuwa kamar huɗa ce, ka sa ido a kan bishiya guda, kada ka waiwaya. Mabiyansa ba sa fushi, ba sa cin barkono, kuma bayan sallar asuba sukan zauna shiru suna kallon gona. Saura wata biyu a ɗaura aurensa da Ummusalama, 'yar Modibbo Wada, labari ya kai kunnen Modibbo. Ya aiko da magana guda: in addini ne, babu aure.

Mataki na 2: Kada ka tambayi yaron

Mudi ya yi wannan kuskure, ya tambaye shi mene ne sunan abin, addini ne ko me. Adamu ya yi murmushi ya ce, "Baba, suna ai waiwaye ne." Mudi bai iya cin abinci ba ranar.

Mataki na 3: Nemo kalma mai nauyi

Je wurin malamin makaranta, ka saya masa shayi. Shi ya ba Mudi kalmar falsafa. Maimaita ta a hanya har bakinka ya saba. Masana sun tabbatar kalmar da ba ka san ma'anarta ba ta fi daɗin karewa.

Mataki na 4: Rage wa komai girma

Suruki zai zo da tambayoyi. Ka sa a kawo jabana, gahawar nan mai citta da yawa, don mai kurɓar abu mai zafi ba ya dogon bincike. Ga yadda Mudi ya yi.

"Malam Mudi, an ce suna da littafi."

"Allah gafarta Malam, wanda ake rubuta ranar canjin man inji ne. A bayansa suka ɗan yi rubutu."

"Suna da shehi?"

"Makanike ne. Da idona na ga ya bugi yatsa da guduma, abin da ya fito daga bakinsa ba na shehunai ba ne."

"To haramta barkonon fa?"

"Gyambon ciki."

"Dukansu goma sha ɗaya?"

"Ruwan kambo ne, Modibbo, ba shi da kyau."

Lura ba a yi ƙarya da yawa ba. Yaron yana sallarsa biyar, yana azumi, wannan ka faɗe shi da ƙarfi har sau uku.

Mataki na 5: Saki kalmar

Da ka ga suruki ya sassauta rawani, ka gyara zama. Mudi ya daki ƙirji ya ce, "Wallahi ba addini ba ne. Falsafa ce tsantsa!"

A nan zan ɗan ja kunnenka. Malamin makaranta ya manta bai gaya wa Mudi ba, shi ma Mudi tsoro ya mantar da shi, cewa a kasuwarmu in an ce wa mutum "ya zol (wato kai mutum), bar falsafa," ana nufin ya cika surutun iyayi, ga kaya a ƙasa ya ƙi ɗauka.

Modibbo ya ajiye finjali. Ya ce, "Alhamdu lillahi, na yarda ba ridda ba ce. Amma falsafa? Malam Mudi, da ma addinin ne. Wanda ya kauce, a kira shi gaban liman ya tuba, kafin la'asar an gama. Mai falsafa ba ya tuba, sai dai ya ƙara bayani. 'Yata za ta ce babu gishiri, ya ce mata mene ne gishiri."

Mataki na 6: Juya da sauri

Yanzu aikinka ka tabbatar addini ne, amma ɗan ƙarami, daidai wanda za a tuba daga gare shi ranar Juma'a. Mudi ya bi Modibbo har bakin titi yana cewa littafin nan fa yana da kauri, makaniken ma an ga ya fara tara gemu. Modibbo ya ce, "Kai da ka rantse yanzu?"

Da ya dawo ya roƙi Adamu ya tuba ko yaya. Adamu ya ce, "Baba, daga me? Kai ka rantse ba komai ba ne." Hajo, uwar yaron, ta leƙo daga madafa ta ce, "Da ka ce musu rana ce ta buge shi a gona, da yanzu muna awon gadon amarya."

An ɗage auren zuwa bayan yankan dawa. Modibbo ya ce a kawo masa suna na uku, wanda ba addini ba, ba falsafa ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk auren da ya tsaya, ko rantsuwar da ta ja kaffara, ko matar da ta daina yi wa mijinta magana sai ta bakin tukunya. Gamsar da suruki na yi alkawari, ban ce a kan me za ku rabu ba. Wanda kuma Allah ya sa ya san suna na ukun, don Allah ya kai shi layin masu buhu, rumfa ta huɗu, kafin injin girbi ya shiga gona. Ba ni ba ne, sanin mutumin kawai na yi.